Barcin farko da barci na biyu: muhawara kan binciken Roger Ekirch

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna aikin wani masanin tarihi Ba'amurke, Roger Ekirch, na Jami'ar Virginia Tech. Mutumin ya ɗauko abin da masana tarihi suka daɗe suna tsallakewa, wato dare. An cika littattafai da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, amma abin da talaka yake yi daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir ba wanda ya damu ya rubuta. Ekirch ya shafe shekara wajen 16 yana tonon tsofaffin takardu. A 2001 ya fitar da maƙala a mujallar American Historical Review, a 2005 kuma littafinsa At Day's Close: Night in Times Past ya fito.

Abin da ya fi tayar da ƙura a ciki shi ne cewa mutanen Turai, kafin masana'antu da hasken titi, ba barci ɗaya miƙaƙƙe suke yi ba. Sukan kwanta wajen ƙarfe 9 ko 10, su yi awa uku zuwa huɗu, su farka bayan tsakar dare, su zauna ido biyu kamar awa ɗaya, sannan su koma sai asuba. Na farin suna ce masa barcin farko, na bayan kuma barci na biyu ko barcin safe. A tsakanin nan wani ya yi addu'a, wani ya iza wuta, wani ya duba dabbobinsa, wani ya yi hira da matarsa a kan gado, wani ya leƙa maƙwabci, wani kuma ya fita satar itace ko kaji.

Yadda ya fara cin karo da maganar ma abin tausayi ne. Yana karanta takardun shari'a a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Landan, sai ya ga shaidar wata yarinya 'yar shekara 9, Jane Rowth, daga arewacin Ingila, a ƙarshen ƙarni na 17. Ta gaya wa masu bincike cewa bayan sun tashi daga barcin farko mahaifiyarta ta je bakin murhu tana shan lofe, sai wasu maza biyu suka kira ta ta taga. Uwar ta ce mata ta kwanta, da safe za ta dawo. Ba ta dawo ba, daga baya gawarta aka tsinta. Ku lura, yarinyar ba ta tsaya bayyana mene ne barcin farko ba, mai rubuta shaidar ma bai tambaya ba. Kowa ya san abin da ake nufi. Daga nan Ekirch ya ci gaba da tarawa har ya sami sama da wuri 500 da aka ambace shi, a takardun kotu, littattafan likitoci, littattafan addu'a, wasiƙu da adabi, cikin Ingilishi da Faransanci da Italiyanci da Latin.

Ra'ayina: ya kafa hujja mai ƙarfi cewa abin ya wanzu, kuma wannan ya isa ya sa mu daina ɗaukar farkawar tsakar dare a matsayin ciwo kai tsaye. Me kuke gani?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kusan kullum sai na farka wajen ƙarfe 2, in duba agogon waya, in fara lissafin awa nawa ya rage kafin in tashi haɗa wa yara abin makaranta. Lissafin nan shi yake hana ni komawa. Har maganin barci na taɓa saya a wani kemis, mai shagon ko tambayata bai yi ba ya miƙo mini. Da na san mutane sun yi ƙarnuka suna farkawa haka ba tare da fargaba ba, da hankalina ya kwanta tuntuni.

Ɗalibin Kimiyya:
Allah gafarta Malam, ina da ja. Samun kalma a takarda daban, tabbatar da cewa haka jikin ɗan Adam yake daban. A 2015 Jerome Siegel na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles tare da abokan aikinsa sun ɗaura wa mutum 94 na'urar auna barci a hannu, daga al'ummu uku da ba su da lantarki: Hadza a Tanzaniya, San a Namibiya, da Tsimane a Bolibiya. Sun tarar barcinsu bai wuce tsakanin awa 5.7 zuwa 7.1 ba. Ba sa kwanciya da faɗuwar rana, sai bayan ta faɗi da sama da awa uku, suna kuma tashi gab da fitowarta. Mafi muhimmanci, ba su raba barcin gida biyu. To idan barci biyu shi ne halittarmu ta asali, me ya sa waɗanda suka fi kowa nisa da kwan lantarki ba sa yi?

Malamin Tarihi:
Madalla da wannan ja, ƙanena, kuma binciken da ka kawo na gaske ne. Amma akwai wani gwajin da ya riga shi. A farkon shekarun 1990 Thomas Wehr, likitan ƙwaƙwalwa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, ya sa wasu mutane cikin duhu na awa 14 kowane dare har tsawon wata guda. Da farko sun yi ta sharar barci suna biyan bashin da ke kansu. Da aka shiga mako na huɗu sai barcin ya tsaya a kan awa 8, amma a rabe: kamar awa huɗu, sai farkawa ta awa ɗaya zuwa uku, sai wasu huɗun. Kuma a lokacin farkawar ba cikin damuwa suke ba, cikin wata irin natsuwa suke. Wehr bai san aikin Ekirch ba a lokacin, don bai fito ba tukuna. Likita ya gani a ɗakin gwaji, masanin tarihi ya gani a takardun kotu, ba tare da sun haɗa baki ba.

Ɗalibin Kimiyya:
Malam, ai gwajin Wehr ɗin ni yake goya wa baya. Awa 14 na duhu fa! Wannan daren hunturun Turai ne. A Landan dare yakan kai kusan awa 16 a watan Disamba. Idan aka tilasta wa mutum kwanciya tsawon wannan lokaci alhali jikinsa awa 7 ko 8 yake bukata, dole barcin ya tsinke a tsakiya. A Kano kuwa dare bai cika wuce awa 12 da rabi ba ko a tsakiyar sanyi, kuma Hadza sun fi mu kusa da layin tsakiyar duniya, inda tsawon dare da na rana kusan ɗaya ne duk shekara. Wannan shi ne bayanin da su Siegel suka bayar. Sannan mutanen da Wehr ya gwada 'yan kaɗan ne.

Ko a cikin masana tarihin ma akwai masu shakka. Gerrit Verhoeven ya bi takardun kotun hukunta laifuka ta Antwerp a Beljiyam, daga 1715 zuwa 1795, ya tarar ambaton barcin farko kaɗan ne ƙwarai. A 2023 kuma Niall Boyce ya sake karanta wasu daga cikin nassoshin da aka dogara da su, ya ce da dama za su iya ɗaukar wata ma'ana, misali farkon shigar mutum barci kawai, ba lallai a ce akwai na biyu da ke biye ba.

Bahaushen Makurɗi:
Ku ɗan dakata, akwai inda maganar ta zo gida. Cikin hujjojin da Ekirch ya kawo daga wajen Turai akwai 'yan Tibi na nan Binuwai. Paul Bohannan, wanda ya zauna cikinsu ya kuma rubuta a 1953 kan yadda suke ƙirga lokaci, ya nuna cewa suna da barcin farko da barci na biyu cikin sunayen sassan dare, kuma mutum yakan farka ya yi hira da duk wanda ya tarar a farke. Binuwai ba ta da daren awa 16. To ɗan uwa Ɗalibi, wannan fa? Ni an haife ni cikinsu, a ƙauyukan da babu wuta har yanzu za ka ji muryoyin mutane a tsakar gida cikin dare kamar ba a kwanta ba.

Ɗalibin Kimiyya:
Na ji Yaya, hujja ce mai kyau. Zan ma ƙara maka: a 2017 David Samson da abokansa sun auna barcin manoma a wani ƙauye a Madagaska da babu lantarki, sun ga alamar rabuwar barci a wurinsu. Ni ban ce babu shi ba. Cewa nake akwai masu yi, akwai waɗanda ba sa yi, don haka al'ada da yanayi da irin aiki ke juya shi. Abin da nake ƙi shi ne yadda wasu suka mayar da shi kamar dokar halitta, har suna cewa a saita agogo a riƙa tashi ƙarfe 1 don a koma "barcin kakanni".

Gardi:
Salamu alaikum. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne mamakin da ake yi. Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ya san dare kashi-kashi ne. A Suratul Muzzammil an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya cikin dare, rabinsa ko ƙasa da haka kaɗan ko sama. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa sallar da Allah ya fi so ita ce ta Annabi Dawuda, alaihis salam: yakan yi barci rabin dare, ya yi tsayuwa sulusi, ya sake kwanciya sudusi. Ku ƙirga, barci biyu ne da farkawa a tsakiya. Ga kuma hadisin Abu Barza cewa Manzon Allah ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Wanda ya kwanta da an idar da isha'i ai dole idonsa ya buɗe a sulusin dare. Sai a ƙara da ƙailula, wadda aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokacinta cikin lokuta uku na tsiraici: kafin sallar asuba, da tsakar rana in an tuɓe tufafi, da bayan isha'i.

Mu a tsangaya haka muka tashi. Bayan isha'i a hura wutar kara a yi karatu, a kwanta, cikin dare gardawa su tashi tilawa, kafin asuba a tayar da ƙolawa. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan rashin lafiya ne.

Malamin Tarihi:
Allah ya saka da alheri, Alaramma. Sai dai mu bambance abu biyu. Mai tahajjud niyya ya yi ya tashi, yana yaƙi da barci don neman lada. Abin da Ekirch yake faɗa farkawa ce da take zuwa da kanta, ga mai ibada da ɓarawo duka. Amma sun haɗu a wani wuri: a Turai ma sufayen Kirista da suke bin ƙa'idar wani waliyyinsu, Benedict, cikin dare suke tashi addu'a, kuma akwai littattafan addu'a da aka tanadi addu'o'i musamman na wannan sa'ar farkawa. Addini ya tarar da lokacin a buɗe ne ya cika shi, ko kuwa shi ya buɗe shi, wannan ita ce tambayar da nake jin ta fi daɗin bincike.

Dattijon Ƙauye:
'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini wannan. Na haura saba'in, a ƙauye na girma, fitilarmu acibalbal ce ta man gyaɗa, daga baya fitilar ƙwai ta zo. Ba a barin fitila ta yi ta ci a banza, mai tsada ne. In an ci tuwo an yi isha'i, kakarmu ta zaunar da mu ta ce ga ta nan ga ta nanku, tana yi tana kaɗi, mazari yana juyawa a tasa, ɗan alli a yatsunta. Kafin kurunƙus rabinmu sun ɓingire. In farin wata ne kuwa sai dandali, 'yan mata na gaɗa, samari na langa, har wata ya karkata.

Cikin dare kuma gida ba ya mutuwa gaba ɗaya. Mahaifina yakan tashi ya zaga turke ya duba shanu da jaki, ya ƙara musu harawa, ya yi alwala ya yi nafila. In da sanyi ne za ka ji tsohuwa tana gyara gumagumai a murhun ɗaki. Lokacin zafi a waje muke kwana kan tabarma, wani ya tashi shan ruwa a randa, wani ya ce wane ne nan, sai hira ta ɓarke ƙasa-ƙasa. Amma ban taɓa jin an ce barcin farko ko na biyu ba. Abin da muke cewa shi ne talatainin dare, sulusin dare, carar zakara ta fari, assalatu.

Maman Biyu:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Kamar ina ganin gidan kakata.

Malamin Tarihi:
Baba, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa kan kaɗi da tatsuniya shi ne ɓangaren littafin da na fi so, kuma shi ne mutane ba sa magana a kai saboda batun barci biyu ya danne komai. A ƙauyukan Faransa da Jamus, in hunturu ya shiga, maƙwabta sukan taru a ɗaki guda ko a garken dabbobi saboda ɗumi, su haɗu kan fitila ɗaya da wuta ɗaya. Mata na kaɗi da saƙa, maza na gyaran kayan noma, tsofaffi na ba da labarin fatalwa da mayu, samari na zuwa zance. Limaman coci da hukuma sun sha yunƙurin hana wannan taro saboda cakuɗuwar samari da 'yan mata. Talauci ne ya haɗa su: haske tsada gare shi. Mai kuɗi yana ƙona kyandir na kakin zuma, talaka na kitse mai wari da hayaƙi, ko ya tsoma ciyawar fadama a kitse ya kunna. A Ingila har haraji aka ɗora wa kyandir daga 1709 zuwa 1831.

Farin wata ma haka. A Birmingham, a ƙarni na 18, akwai ƙungiyar masana da 'yan kasuwa da suka haɗa da James Watt da Joseph Priestley da Erasmus Darwin, waɗanda suke sa ranar taronsu kusa da cikar wata don su ga hanyar komawa gida. Ko manyan mutane wata ne yake tsara musu fitar dare.

Ga kuma tsoro. A biranen Turai na da ana kaɗa ƙararrawa da dare a rufe wuta da toka, a kulle ƙofofin gari, 'yan sintiri su fito suna shelar sa'a. Tsoron gobara ba na wasa ba ne: babbar gobarar Landan ta 1666 cikin dare ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi, ta cinye gidaje sama da 13,000. Kulle ƙofa kuwa mu ma mun san shi. Baturen matafiyi Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa ana buɗe ƙofofin ganuwa da fitowar rana a rufe da faɗuwarta.

Nas Mai Aikin Dare:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma dole in sa baki, don ina tsoron yadda wasu za su ɗauki maganar. Maman Biyu, 'yar uwata, gaskiya ne farkawa sau ɗaya cikin dare ba ciwo ba ne, kuma duba agogo da lissafi su ne suke mayar da ita ciwo. In kin farka kada ki ɗauki waya, in barcin ya ƙi ki tashi ki yi nafila ko lazimi cikin haske kaɗan, in ya dawo ki koma. Maganin barci kuma kada ki ƙara sha sai likita ya rubuta, wasunsu jiki yana sabawa da su.

Amma akwai farkawar da alama ce. Mai yawan tashi fitsari da ƙishirwa a gwada shi ciwon suga. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa har ya farka a firgice, ya kuma yini yana gyangyaɗi, wannan ciwo ne da yake da alaƙa da hawan jini. Wanda yake farkawa tun kafin asuba da ƙuncin zuciya ya kasa komawa, watakila ciwon damuwa ne. Kada wani ya ce ai Bature ya ce kakanni ma haka suke, ya zauna a gida. Sannan mutanen Ekirch ƙarfe 9 suke kwanciya. Wanda ya kai 12 yana latsa waya, ya farka 2, ya tashi 5, ba barci biyu ya yi ba, barci ne bai ishe shi ba. Babba yana bukatar awa 7 ko fiye.

Direban Dare:
Hajiya Nas kin faɗi gaskiya. Ni babbar mota nake ja, barcina guntu-guntu ne a bakin hanya, kuma ba wata natsuwa a ciki. Kada a yi wa wahala kwalliya.

Malamin Tarihi:
Direba, Ekirch da kansa yana tare da kai a nan, kuma wannan ne ya sa nake girmama aikinsa. Bai ce mutanen da suna barcin jin daɗi ba. Ya cika shafuka da ƙuma da kuɗin cizo da ƙwarƙwata, da sanyi, da ciwon haƙori da ba magani, da kukan jarirai, da warin tukunyar fitsari a ƙarƙashin gado. Iyali guda kan kwana a shimfiɗa ɗaya, wani lokaci har da baƙo, dabbobi kuma a gefe. A masauki matafiyi yakan raba gado da wanda bai taɓa gani ba. Ko manya ba su tsira ba: a 1776 John Adams da Benjamin Franklin, jagororin neman 'yancin Amurka, sun kwana gado ɗaya a wani masauki a New Jersey, suna gardama kan a buɗe taga ko a rufe. Barori kuwa su ne ƙarshen kwanciya, su ne farkon tashi, shi ya sa iyayen gidansu suke ta ƙorafin cewa malalata ne suna gyangyaɗi da rana, alhali barci ne aka hana su.

Sasha Handley ta Jami'ar Manchester, a littafinta na 2016 kan barci a Ingila ta wancan zamani, ta nuna ɗaya fuskar: duk da wannan wahala mutane suna ba barci muhimmanci sosai. Gado da kayan shimfiɗa na cikin mafi tsadar abin da gida ya mallaka, ana barin su gado a wasiyya. Mata na wanke zannuwa, suna sa ganyaye masu ƙamshi don korar ƙwari, ana kula da abin da za a ci kafin kwanciya, ana addu'a don sun ɗauki barci a matsayin lokacin da rai yake cikin hatsari.

Ɗan Damagaram:
Malam, tambayata ita ce yaya aka yi abin ya ɓace? Lantarki ne kawai? Don mu nan wuta tana ɗaukewa sosai amma ban ga mun koma barci biyu ba.

Malamin Tarihi:
Abin ya fara tun kafin lantarki, ɗan uwa. A 1667, zamanin Sarki Louis na 14, aka rataya fitilun kyandir a titunan Faris. Amsterdam ta bi a 1669 da fitilun mai, Landan a shekarun 1680. Masanin tarihi Craig Koslofsky, a littafinsa na 2011, ya nuna yadda fadawa da attajirai suka mayar da dare lokacin nuna isa: liyafa, wasan kwaikwayo, zaman gidan gahawa. Dare da a da na ɓarayi da mashaya ne ya zama na masu mutunci. Sai iskar gas ta zo, aka haska titin Pall Mall na Landan da ita a 1807, kwan lantarki na Edison kuma a 1879. Mutane suka riƙa jinkirta kwanciya, amma ƙararrawar masana'anta ba ta jinkirta ba. A maƙalarsa ta 2015 a mujallar Past & Present Ekirch ya ce a ƙarni na 19 ne sauyin ya kankama: barcin farko ya yi ta tsawo, na biyu ya yi ta gajarta har ya koma ɗan juyi kafin tashi, ga kuma masu wa'azin sammako suna cewa komawa barci lalaci ne. A daidai ƙarshen wannan ƙarnin likitoci suka fara rubuta farkawar tsakar dare a matsayin nau'in rashin barci.

Batun ɗaukewar wuta kuwa, ai duhun yanzu ba duhu ba ne. Ga janareto, ga sola, ga fitilar caji, ga waya a tafin hannu. Kuma lokacin aiki da makaranta agogo ne yake yanka shi.

Ɗalibin Kimiyya:
Wannan ɓangaren ban da ja a kai, haske yana jinkirta barci, an auna an gani. Inda nake tsaye shi ne: Ekirch ya tabbatar da al'ada a wani yanki da wani zamani. Da ya tsallaka ya ce ita ce ɗabi'ar ɗan Adam ko'ina, nan ne hujjarsa ta yi siriri. Kuma maganar Baba ta fi komai nauyi a wurina. Ya ga ana tashi cikin dare, amma bai ji sunan ba. Ke nan tashin dare don shanu da sanyi da sallah abu ne, tsarin barci biyu mai suna kuma wani abu ne.

Gardi:
Ko kuma sunan yana nan amma da harshen addini. In malami ya ce wa almajiri ka tashi bayan ka yi barci, ai ya raba daren ke nan.

Nas Mai Aikin Dare:
Ni wani abu ne ya tsaya mini tun da Malam ya ba da labarin yarinyar nan. Yawancin waɗannan takardu maza ne suka rubuta su. Macen da take shayarwa tana tashi sau uku sau huɗu, wadda take daka da asuba, wadda take jinyar tsoho, su barcinsu kashi nawa ne? A Turai ko a nan, ina jin in aka tambayi mata za a sami tarihi na daban. A ɗakin haihuwa nake aiki, na san yadda daren uwa yake.

Malamin Tarihi:
Hajiya, wannan ya kamata wani ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni ta Yamai ya ɗauka. Muna da abin tonawa: littattafan fiƙihu da na ɗibbu na malamanmu, waƙoƙin wa'azi na ajami da suke zaburar da mutane kan tsayuwar dare, takardun kotunan alƙalai da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna inda shaidu suke faɗin lokacin da abu ya faru, da kuma tsofaffi irin Baba da suka rayu kafin fitilar caji. Na ƙarshen nan su ne ba za su jira mu ba.

Bahaushen Makurɗi:
Ni zan fara. Ƙarshen wata zan shiga ƙauye sayen doya, akwai tsofaffin Tibi da muke mutunci da su, zan tambaye su ko har yanzu suna cewa barcin farko.

Malamin Tarihi:
Allah ya kai ka lafiya, amma kada ka sa musu kalmar a baki, don tsoho yakan ce e saboda kara. Ce musu su lissafa maka sunayen sassan dare tun daga faɗuwar rana har fitowarta, da harshensu, ka rubuta yadda suka faɗa. Sannan ka tambaye su abin da iyayensu suke yi a kowane sashe, da damina daban, da rani daban, ranar farin wata daban. Ka zauna da mata su kaɗai, kamar yadda Hajiya Nas ta nuna. In da hali ka ɗauki murya a waya bayan ka nemi izininsu, ka kuma rubuta shekarun kowa da sunan ƙauyen.

Dattijon Ƙauye:
In ka dawo ka biyo ta wurina, yaro. Akwai ƙanwata da ta fi ni riƙe abubuwa, ita ta san waƙoƙin da mata suke yi in sun tashi niƙa kafin assalatu.